Ƙafar Haliru

Manaja biyu gare mu a reshen Jega, ofishin manaja kuma ɗaya ne. Alhaji Habibullahi ke da tebur da sa hannu. Malam Mas'ud ke da kujera mai juyawa da hatimi. An ce ba a sarki biyu zamani ɗaya, amma wanda ya faɗi haka bai taɓa aiki a Bankin Rumbu ba.

Yadda abin ya samo asali ba dogon labari ba ne. Hedikwatarmu da ke Birnin Kebbi ta ɗauke Alhaji zuwa Maiyama, ta turo Malam Mas'ud ya gaje shi. Alhaji ya je Maiyama, ya tarar reshen shago ne guda da allon suna, awaki na kwance a ƙofa, washegari ya dawo. Ya iske baƙo zaune a kujerarsa. Sai ya aika aka ɗauko masa kujerar roba, ya jawo teburin gabansa. Hedikwata ba ta ce ya tafi ba, ba ta ce ya zauna ba, don shugaban hukumar bankin surukinsa ne. Haka muka shiga shekara ta biyu. Kullum da safe su gaisa, doguwar gaisuwa har da tambayar iyali da gona, daga nan ba mai sake tanka wa wani sai gobe. Takarda kuwa ba ta zama takarda sai da sa hannun wannan da hatimin wancan, kuma kowa jira yake ɗan'uwansa ya fara, don a ganinsu wanda ya yi na ƙarshe shi ne babba.

Ni ce Barakatu, kashiyar reshen. Da can ina da baki. In aka taɓa ni a bayan gilashi, sai masu tsire a bakin titi sun ji. Na yi faɗa a kan janareta, na yi a kan rufin da ke yoyo a saman kaina, na yi a kan albashin da ke zuwa lokacin da ya ga dama. Kowane faɗa amsarsa ɗaya ce: a kai taron Litinin. A taron Litinin kuma a buɗe da addu'a, a sha zoɓo, a rufe da addu'a. Ban san ranar da faɗan ya mutu a cikina ba. Na dai wayi gari ko me aka yi, ko a jikina, an tsikari kakkausa.

Abu ɗaya ne ke aiki a reshen ba fashi, shi ne injin dangwale. Yana manne a bango daidai ƙirjin mutum, da ka shigo ƙofa. Ka ɗora babban yatsa, ya kawo koren haske, muryar wata mata ta yi maka godiya da Turanci. Ranar da aka kafa shi, tun Alhaji na manaja shi kaɗai, mai kafawar ya nuna mana wayoyi biyu a bayansa. Baƙar ta wuta ce. Shuɗiyar ita ke kai rahoto hedikwata. Alhaji ya tara mu ya ce duk wanda ya cika mako bai dangwala ba, ba tare da takardar hutu ba, kwamfutar hedikwata da kanta za ta goge sunansa, kuma ko shi ba ya iya mayarwa. A reshenmu ba a taɓa goge kowa ba. Amma kowa ya san wani da ya san wani da aka goge a wani reshe, kuma abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Haliru ɗan ƙauyen Gehuru ne, shi ke zagaya ƙauyuka a kan babur ɗin banki yana bin manoman albasa da masu kiwo da muke hulɗa da su. Ɗan kwantiragi ne, ya daɗe yana jiran a tabbatar da shi, kuma kowace shekara sai a ce masa baɗi. Mutum ne mai fara'a har abin ya riƙa ba ni haushi. Yaya yake ce mini, kuma ba ya dawowa daga ƙauye hannu rabbana, ko rake ne sai ya turo mini ta ƙarƙashin gilashi. Birkin babur ɗin ya daɗe da mutuwa. Takardar gyaransa na kwance a kan teburin Alhaji tana jiran hatimi, ko tana jiran sa hannu, ya danganta da wanda ka tambaya. Haliru ya koyi tsayawa da ƙafa. Muna tsokanarsa cewa takalminsa ne birki, shi ma yana dariya.

A hanyar Kuberi ne shanu suka fito masa daga bayan wani kwalbati. Ya sa ƙafa kamar yadda ya saba, ƙafar ta shiga rami, babur ya bi ta kanta. Ƙashin ƙwauri ya karye gida biyu. Mutanen wurin suka yi abin da kowa ke yi a ƙasarmu, suka ɗauke shi sai Aliero gidan ɗori.

Na je duba shi. Na same shi a wani ɗaki mai tabarmi a gidan Baba Kalilu mai ɗori, an jera masa kara an ɗaure ƙafar tamau, an tokare ta da jakunkunan yashi. Matarsa Altine na zaune tana yi masa fifita. Baba Kalilu tsoho ne mai ƙaramin jiki, ba ya ɗaga murya.

"Ƙashi nai na yaro na, shina kamawa," in ji shi. "Amma ƙahwag ga ba ta son motsi. Shi kwanta nan har in ce mai tashi. In anka jijjiga ta, ba ruwana."

Na ce, "Baba, ko kuna ba da takarda? Wurin aikinmu sai da takarda."

Ya dube ni, ya buɗe tafukansa. "Ɗiyata, ni hannu gare ni."

Haliru ya ɗago kai daga tabarma. Ba ƙafar ya tambaya ba. "Yaya, injin hwa?"

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, hutun rashin lafiya ai hakkinsa ne. Har ga Allah a lokacin na zaci ko waɗancan biyun za su ji kunyar karaya.

Malam Mas'ud na fara samu. Shi da Hausar makaranta yake magana, a tsanake, kamar mai karanta labaran rediyo. Ya ce a ƙa'ida sai da takardar asibiti. Na samu wani ɗan ƙanen babana da ke aikin jinya, ya je Aliero ya ga ƙafar da idonsa, aka rubuto takarda. Na shiga da ita ofishin, na tsaya tsakanin tebur da kujera.

"Ranka shi daɗe, hutun Haliru na," na ce wa Alhaji.

Ya karanta har ƙasa, ya girgiza kai. "Allah sarki, yaron kirki. Amma ni yanzu baƙo nike wurin ga, ai an ce an kai ni Maiyama. Ga mai hatimi nan. Shi buga, in sa hannu."

Na juya. Malam Mas'ud ya juya kujerarsa shi ma.

"Malama Barakatu, har yau ba a miƙa mini reshen nan ba. Idan na buga hatimi a kan abin da ba a sa wa hannu ba, gobe ni za a tambaya. A sa hannu, yanzu in buga."

Tsakaninsu bai fi taku biyu ba. Na riƙa miƙa takardar daga wannan zuwa wancan kamar mai tallar goro. Da na gaji na kira hedikwata. Wata mata ta ɗauka ta ce hutun ƙananan ma'aikata manajan reshe ke ba da shi. Na ce wanne? Ta ce wannan ba sashenta ba ne. Aka kai maganar taron Litinin. Aka yi wa Haliru addu'a ta musamman, aka ajiye takardar a kan ta birki.

Ana gobe mako zai cika, da hantsi, sai ga keke mai ƙafa uku ya tsaya a ƙofar banki. Altine ce a baya, ta ɗora ƙafar mijinta a cinyarta ta rungume da hannu biyu. Tun daga Aliero, a kan wannan titin da ramukansa suka fi kwaltarsa yawa. Maigadi da mai keken suka ɗago shi, suka shigo da shi, suka tsayar da shi a kan ƙafa ɗaya don ya kai ga injin. Fuskarsa ta yi fari fat, gumi na zuba. Ya ɗora yatsa, injin ya ƙi karɓa. Ya goge yatsan a rigarsa ya sake ɗorawa. Koren haske ya kawo, matar ta yi godiya.

Ina kallo ta bayan gilashi, da layin mutane a gabana. Na san ya kamata in ji wani abu ya tokare mini ƙirji. Ban ji ba. Na ce wa na gaba ya matso.

Manajojin biyu suka fito, kowa ta gefensa na ƙofa. Alhaji ya ce, "Sannu Haliru! Kun gani? Wanga shi a kishin aiki." Malam Mas'ud ya ce zai tuna da wannan ranar da aka zo maganar tabbatarwa. Haliru ya yi murmushi ya gode musu. Aka mayar da shi keke.

Mako na zagayowa ya sake zuwa, ya kuma sake. Muka saba, kamar yadda muka saba da bokitin da ke tarar yoyo a bayana. Maigadi har ya riƙa ajiye benci kusa da ƙofa.

Bayan zuwa na uku Altine ta kira ni a waya tana kuka ƙasa-ƙasa. Ƙashin ya goce. Baba Kalilu ya kwance, ya sake karya abin da ya fara kamawa, ya sake ɗorawa. Ta ce maza huɗu suka danne Haliru. Tsohon ya rantse in aka sake ɗaga ƙafar ya wanke hannunsa.

"Yaya, ki yi mai magana," ta ce. "Ni ba ya jin tawa. Cewa yakai in anka goge sunanai, mi za mu ci?"

Na kira shi na yi masa magana. Na ce ƙafa gaba take da aiki. Ya ce, "Gaskiya ta, Yaya." Ya ce mini kuma shekarun da ya yi yana jiran tabbatarwa ba zai zubar da su saboda kwanciyar wata biyu ba. Gaba kura ce baya sayaki, kuma ba ni ce a tsakiya ba.

Ranar Juma'a da safe sai ga keken. Wannan karon bai yi murmushi ba. Da suka tsayar da shi ya cije leɓe har ya yi jini. Sai da maigadi ya riƙe masa hannu ya ɗora yatsan.

Ban ce fushina ne ya dawo ba. Gajiya dai na yi da ganin keken. Na yi tunanin tunda ba a iya kawo ƙafar, sai a kai injin. In cire shi duk mako, in kai Aliero, a jona shi da wuta ya dangwala, in dawo da shi in mayar da shuɗiyar waya ta kai rahotonta. In kora ce a kore ni.

Da mazan suka tafi masallacin Juma'a aka rufe ƙofa, na ari sukundireba wurin mai gyaran waya na maƙwabta. Na kwance kusoshin, na zare baƙar waya daga soket, na jawo injin a hankali don kada in tsinka shuɗiyar. Sai ta biyo ni ba wata gardama. Tsawonta bai kai kamu ɗaya ba. An yanke ta, an cusa guntun a ramin bango. A bakin yankan zanzaro ya gina gidansa na laka, har ya bushe, har 'ya'yan sun fashe sun fita.

Na zauna a bencin maigadi da injin a cinyata. Na daɗe ina kallon gidan zanzaron. Wayar nan ba ta kai komai ko'ina, ba yau ba, ba bana ba.

A nan suka same ni da suka dawo, kowa da dardumarsa a kafaɗa. Na ɗaga musu guntun wayar.

Alhaji bai ko yi mamaki ba. "Af, wagga? Ai ta daɗe. Tun sa'ad da anka yi hwenti. Hedikwata sun bar biyan kamhwanin injin, masu hwenti sunka yanke ta."

"Kun sani, ranka shi daɗe?"

"Na sani mana. Ni am manaja."

"Haliru hwa?"

Ya gyara dardumarsa. "Barakatu, ke ba yarinya ba ta. In anka hwaɗi injin ga ba ya aiki, wa ka zuwa aiki da wuri? Kuma ni ban ce mai shi zaka ba. Shi yag ga dama."

Malam Mas'ud ya karɓi wayar ya jujjuya. Na ga bai sani ba, na kuma ga wani abu mai kama da murna ya gifta a fuskarsa, don ya samu abin kai ƙara. Sai ya tuna shi ma shekara biyu yana nan, kuma shi ma ya tsaya ya yaba wa Haliru. Ya miƙo mini abata.

"Wannan ba ya cikin abin da aka miƙa mini," ya ce. "A mayar da shi yadda yake. Kada maganar ta fita, saboda tarbiyyar ma'aikata."

"Gaskiyatai," in ji Alhaji.

Tun da suka haɗu a ofishin nan, ranar ce na fara jin sun yarda da juna. Na jira in ji bakina ya buɗe kamar da. Da can da sai an fito daga shaguna an ba ni haƙuri. Na tsaya, na jira, babu abin da ya taso. Na mayar da kusoshin, na jona baƙar waya, koren haske ya kawo. Guntun shuɗiyar dai na jefa a jakata.

Bayan la'asar na shiga motar Aliero. Duk hanya ina shirya yadda zan faɗa masa. A ƙofar gidan na iske Baba Kalilu yana wanke hannu a buta.

"Na kwance na duba," ya ce tun ban tambaya ba. "Ta kama, amma a karkace. Ba ni karya ta sau ukku, ƙashi ba icce ba na. Shina tahiya da ita in Allah ya so. Sai dai guda ta hi guda tsawo, har ƙarshen rayuwatai."

"Shi ya sani?"

"Na hwaɗa mai."

Na shiga. Haliru na kwance yana kallon rufi. Altine ta shimfiɗa mini tabarma. Muka gaisa. Hannuna na cikin jaka, yana kan guntun shuɗiyar wayar.

"Yaya, kin ji abin da Baba yac ce?"

"Na ji. Allah shi sa kaffara ta."

"Amin." Ya mayar da ido kan rufi. "Tau, ba komi. Ƙaddara ta. Aikin dai ya tsira ko? Ko sau guda ban bari mako yac cika ba. Yau ma kin ji matar injin ta yi godiya."

Ya juyo yana dubana, yana jira. Wannan kaɗai ya rage masa a hannu, cewa ƙafar wani abu ta saya. Na dubi karan da aka ɗaure ta da su. Tausayinsa ya kama ni, karo na farko cikin dogon lokaci da wani abu ya kama ni, kuma bai zo da ƙarfin faɗar gaskiya ba. Na saki wayar.

"Ya tsira," na ce. "Kuma albishirinka, an ba ka hutu. Kada ka sake zuwa sai ka warke sarai."

Altine ta ɗaga hannu sama tana hamdala. Haliru ya lumshe ido.

"Wanne daga cikinsu yas sa hannu?"

"Su duka biyu."

"Allah shi saka musu da alheri," in ji shi. "Na san dai ba su bari na."

Bai sake zuwa ba, ba a kuma goge sunansa ba. Takardar hutun na nan inda take, a kan ta birki, an ɗora musu wasu. Babur ɗin an jingine shi a bayan banki, kaji na kwana a ƙarƙashinsa.

Bayan an cire albasa ya dawo aiki. Ina layin dangwale da safe na ji wata irin tafiya a bayana, taku ɗaya mai nauyi, ɗaya mai jan ƙasa. Na juya. Ya rame, kafaɗarsa ɗaya ta sauka. Yana riƙe da zabi biyu an ɗaure musu ƙafafu, ɗaya ta Alhaji, ɗaya ta Malam Mas'ud, don kada wani ya ce an fifita wani. Ni kuma ya zo mini da rake.

"Yaya, riƙa mini," ya ce.

Na karɓi zabin na matsa masa. Ya ɗingisa zuwa bango, ya goge yatsansa a riga, ya ɗora. Matar ta yi masa godiya. Ya karɓi zabinsa ya nufi ofishin manaja, ni kuma na ɗora nawa.